Intigiral Mai Hawa Biyu a Kan Yanki: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Tambayoyin nan daga bakin ɗaliban lissafi da injiniyanci da fiziks suka fito, galibi 'yan aji biyu a jami'a, lokacin da ake fara haɗuwa da fankshan mai haruffa biyu. Kowace shekara fuskoki ne ke canzawa, tambayoyin dai su ne. A nan ina kiran ∬ "intigiral mai hawa biyu", saboda yana da na ciki da na waje, shi kuma ∫ da aka saba da shi "mai hawa ɗaya". Wanda bai gama sabawa da mai hawa ɗaya ba, gara ya koma ya ƙarasa, don duk aikin nan a kansa yake tsaye.

Mene ne intigiral mai hawa biyu, kuma me ya raba shi da wanda muka sani?

Ka ɗauka an yi ruwan sama a kan wata gona, amma bai sauka daidai wa daida ba: gefen gabas ya fi samu, gefen yamma yayyafi kawai. Zurfin ruwan da ya sauka a kowane wuri shi ne f(x, y). Kana son sanin jimlar ruwan da gonar ta sha. Sai ka raba ta fangali-fangali, yadda mai noman rani ke yi. A cikin ƙaramin fangali ɗaya zurfin ruwa kusan ɗaya ne, saboda haka ruwan da ke ciki shi ne zurfi sau faɗin fangalin. Ka tara na dukkan fangulan, ka samu ƙiyasi. Ka ƙara ƙanƙanta fangulan, ƙiyasin ya ƙara matsowa gaskiya. Lambar da jimlar ke dosa yayin da fangulan ke ta ƙanƙancewa ita ce ∬ f(x, y) dA a kan yankin R. Ita dA faɗin fangali ɗaya ce, wato dx sau dy.

Mai hawa ɗaya yana tarawa ne a kan layi, daga a zuwa b, kuma layi ba shi da wani fasali sai tsawo. Mai hawa biyu yana tarawa a kan fili, shi kuwa fili yana iya zama alwatika, da'ira, ko abin da ke tsakanin lanƙwasassun layuka biyu. Duk wahalar darasin daga nan ta taso. Idan f ba ta sauka ƙasa da sifili, amsar ita ce girman cikin abin da ke tsakanin filin da rufin z = f(x, y).

To yaya ake lissafa shi a aikace? Ai ba za a zauna ana ƙirga fangali ba.

Ana yin mai hawa ɗaya ne sau biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Ka tsayar da x wuri guda, ka ɗauke ta kamar wata lamba, ka yi intigiral a kan y. Abin da ya fito faɗin yanka ɗaya ne, kamar ka yanki burodi ka dubi fuskar yankan. Sannan ka bar x ta yi tafiya, ka tara yankan duka.

Misali: f = xy², x daga 0 zuwa 2, y daga 0 zuwa 3. Na ciki: intigiral ɗin xy² a kan y shi ne xy³/3, in ka sa 3 da 0 ka samu 9x. Na waje: intigiral ɗin 9x daga 0 zuwa 2 shi ne 18. Shi ke nan. Akwai gajeriyar hanya idan yankin murabba'i mai dari ne, kuma fankshan ɗin ya rabu gida biyu, na x zalla sau na y zalla: ka lissafa kowanne dabam ka ninka. A nan 2 sau 9, 18 dai. Amma sharuɗɗan biyu ne, kuma dole su haɗu. Na sha ganin ɗalibi ya ɗauko wannan dabara ya ɗora a kan alwatika, amsa ta fito tsaf, kuma ba daidai ba ce.

Ko yaushe ana iya fara da dx a maimakon dy a samu amsa ɗaya?

A kusan duk abin da za a ba ka a aji, e. Dokar da ta ba da wannan izni ana kiranta da sunan Guido Fubini, masanin lissafi ɗan Italiya da ya tabbatar da ita a faffaɗan tsari a 1907, duk da cewa an daɗe ana amfani da ita ga fankshan marasa yankewa kafin shi. Idan f ba ta da yankewa a kan yankin, kuma yankin rufaffe ne mai iyaka, ka fara ta duk inda ka ga dama. Leonida Tonelli ya ƙara wani abu a 1909: idan f ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, jeri biyun za su yi daidai ko da yankin ba shi da iyaka.

Inda abin ke lalacewa shi ne idan fankshan ya tashi sama ba iyaka a wani wuri, kuma yana da ɓangaren sama da sifili da na ƙasa da shi. Sanannen misali shi ne (x² − y²)/(x² + y²)² a kan murabba'in da x da y ke tsakanin 0 da 1. Ka fara da dy, na ciki zai ba ka 1/(1 + x²), amsa ta fito π/4. Ka fara da dx, amsa ta fito −π/4. Babu wanda ya yi kuskure a cikin biyun. Matsalar tana kusurwar (0, 0), inda ɓangaren da ake ƙarawa da wanda ake ɗebewa kowanne ba shi da iyaka, don haka abin da ka samu ya dogara da wanda ka fara kwasa. Duk sanda ka ga ƙasan rabo zai zama sifili a cikin yankinka ko a bakinsa, ka dakata ka duba.

Idan yankin ba murabba'i ba ne, ta ina ake samo iyakoki? A nan nake ɓacewa kullum.

Ba kai kaɗai ba ne, a nan gizo ke saƙar. Yawancin makin da ake asara a wannan darasi ba a wajen yin intigiral ake asararsa ba, a wajen iyakoki ne, kuma dalilin ɗaya ne: ɗalibi bai zana yankin ba. Yana ganin minti biyun da zai ɓata a zane asara ce, alhali tun ran gini ran zane. Ni dai ko tambayar ta yi kama da wasa sai na zana.

Ga yadda ake yi. Zana layukan da suka kewaye yankin, ka nemo inda suka haɗu. Idan za ka fara da dy, ja kibiya a tsaye ta ratsa yankin daga ƙasa zuwa sama. Layin da kibiyar ta shiga ta kansa shi ne iyakar ƙasa ta y, wanda ta fita ta kansa shi ne iyakar sama, kuma dukkansu za ka rubuta su da x. Sannan ka tambayi kanka: daga ina zuwa ina zan ja wannan kibiya, hagu zuwa dama, kafin ta share yankin duka? Waɗannan lambobi biyu su ne iyakokin x. Idan da dx za ka fara, kibiyar a kwance take, daga hagu zuwa dama, iyakokinta a rubuce da y, sannan ka ja ta daga ƙasa zuwa sama.

Mu gwada da f = xy a kan yankin da ke tsakanin y = x² da y = x. Sun haɗu a x = 0 da x = 1. A tsakanin nan x² ce ƙarama (a x = 1/2 tana ba da 1/4), don haka farabola ce a ƙasa, miƙaƙƙen layi a sama. Na ciki: xy²/2 daga x² zuwa x, wato (x³ − x⁵)/2. Na waje daga 0 zuwa 1: rabin (1/4 − 1/6), wato 1/24. Yanzu kwantar da kibiyar. Tana shiga ta layin x = y, ta fita ta x = √y. Na ciki ya ba da (y² − y³)/2, na waje rabin (1/3 − 1/4), 1/24 kuma. Lura da cewa layin da yake "sama" a zane na farko shi ne ya koma "mashiga" a na biyu. Wanda bai zana ba, ba yadda za a yi ya ga wannan.

Na gama lissafi amma har yanzu akwai x a cikin amsata. Me ya faru?

Ka sa harafi a iyakokin waje ne. Iyakokin waje lambobi ne kullum. Na ciki suna iya ɗaukar harafi, amma harafin na waje kawai: idan dy ce a ciki, iyakokinta suna iya ƙunsar x, ba y ba. Amsar ƙarshe lamba ce tilo. In ka ga harafi ya saura, kada ka ɓata lokaci kana neman kuskure a tsakiyar aiki, koma layin farko.

Tsakanin dy dx da dx dy, wanne ya kamata in zaɓa?

Abu biyu ake dubawa: fasalin yankin da kuma fankshan ɗin. Ta fuskar yanki, zaɓi jerin da kibiyarka za ta shiga ta layi ɗaya ta fita ta layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ɗauki yankin da ke tsakanin x = y² da y = x − 2. Sun haɗu a (1, −1) da (4, 2). Kibiya a kwance tana shiga ta farabola, ta fita ta miƙaƙƙen layi x = y + 2, ko'ina daga y = −1 zuwa 2. Faɗin filin shi ne intigiral ɗin y + 2 − y², wanda ya ba da 9/2, aiki guda.

Kibiya a tsaye kuwa tana canza mashiga a hanya. Daga x = 0 zuwa 1 tana shiga ta −√x, daga 1 zuwa 4 tana shiga ta x − 2. Dole ka raba yankin biyu: na farko 4/3, na biyu 19/6, jimla 9/2. Amsa ɗaya, wahala ninki biyu, damar yin kuskure ma ninki biyu. Ta fuskar fankshan kuma, wani lokaci jeri ɗaya ba ya ma yiwuwa sam, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

An ba mu intigiral an ce mu "musanya jeri". Ba kawai in juya dx da dy da iyakokinsu ba ne?

A kan murabba'i mai dari kaɗai hakan ke aiki. A kowane yanki dabam, juyawa kawai zai jefa harafi waje, ka koma matsalar da aka yi bayani a tambayar x da ta saura a amsa. Hanyar ita ce ka karanta iyakokin da aka ba ka, ka mayar da su zane, ka manta da su, sannan ka sake karanta zanen da sabuwar kibiya.

Misalin da malamai ke so: e^(y²), y daga x zuwa 1 a ciki, x daga 0 zuwa 1 a waje. Ba za ka iya yin na ciki ba, kuma ba don ba ka yi karatu ba: e^(y²) ba ta da intigiral da za a rubuta da fankshan ɗin da muka saba da su, an tabbatar da hakan tun ƙarni na 19 ta hanyar aikin Joseph Liouville. To zana. Yankin alwatika ce mai kusurwoyi (0, 0), (0, 1), (1, 1), a saman layin y = x. Kibiya a kwance tana shiga ta x = 0, ta fita ta x = y. Na ciki yanzu a kan x ne, e^(y²) kuwa lamba ce tsayayya a wurinsa, sai ya ba da y·e^(y²). Wannan y da ta fito ita ce abin da ake nema tun farko, domin yanzu u = y² ta warware shi: amsa (e − 1)/2, kimanin 0.859. Idan a jarrabawa ka ga e^(y²), ko sin y/y, ko sin(y²) a na ciki, malam yana gaya maka ne a kaikaice ka musanya jeri.

Amsata ta fito ƙasa da sifili. Kuskure ne?

Ba lallai ba. Inda f take ƙasa da sifili, gudummawarta ɗebewa ce. Intigiral ɗin x − 5 a kan murabba'in 0 zuwa 1 dole ya fito −4.5. Amma idan abin da aka tambaya faɗin fili ne, wato f = 1, ko girman ciki, ko nauyi, to amsa ƙasa da sifili alama ce ta cewa ka sa layin sama a ƙasa. Idan kuma girman da ke tsakanin rufi biyu ake so, ana ɗebe na ƙasa ne daga na sama, kuma in sun ratsa juna a cikin yankin sai an raba.

Yaushe ake komawa tsarin fola, kuma wannan r da ake ƙarawa daga ina take?

Alamu biyu ne: yankin da'ira ne ko wani yanki nata, ko kuma x² + y² na cikin fankshan. A tsarin fola ana faɗin wuri da nisansa daga tsakiya, r, da kusurwarsa, θ. Sai x = r cos θ, y = r sin θ, x² + y² = r², dA kuma ta zama r dr dθ. Da'irar da iyakokinta ke cike da √(a² − x²) ta koma murabba'i mai dari: r daga 0 zuwa a, θ daga 0 zuwa 2π.

Ita r ba ado ba ce. Dubi faifai, ko tabarmar da aka saƙa zagaye-zagaye daga tsakiya. Ka ja layuka biyu daga cibiya, da 'yar kusurwa a tsakaninsu. Kusa da cibiya tazararsu ba ta kai komai ba, a bakin faifan ta buɗe. Fangalin fola yana da tsawo dr, amma faɗinsa baka ne mai tsawon r dθ, don haka girmansa r dr dθ. Wanda ya bar r yana cewa ne fangalin tsakiya da na baki girmansu ɗaya. Wannan kuma sai θ tana cikin rediyan, ba digiri ba.

Ga abin da mantuwar ke jawowa. Rufi z = 4 − x² − y², a kan da'ira mai r = 2. Daidai: 2π sau intigiral ɗin (4 − r²)r daga 0 zuwa 2, wato 2π(8 − 4) = 8π, kimanin 25.1. Ba tare da r ba: 32π/3, kimanin 33.5. Kana iya gane ta gaskiya ba tare da takardar amsa ba, domin Arkimidis ya nuna tun fiye da shekara 2,200 da suka wuce cewa irin wannan tulluwa rabin gangar da ta rufe ta ce. Gangar nan π sau 4 sau 4 ce, 16π, rabinta 8π.

Idan da'irar ba a tsakiya take ba fa?

Sai r ta ɗauki iyaka mai θ, kuma a yi hattara da iyakokin θ. Da'irar x² + y² = 2x tana da cibiya a (1, 0) kuma ta ratsa (0, 0). A fola r² = 2r cos θ, wato r = 2 cos θ. Kibiyar yanzu daga tsakiya take fita: r daga 0 zuwa 2 cos θ. Da'irar gaba ɗaya tana gefen dama, saboda haka θ daga −π/2 zuwa π/2 ne. Faɗin ya fito π, daidai da da'ira mai r = 1. Wanda ya saba rubuta 0 zuwa 2π ba tunani zai samu 2π, ya zagaya da'irar sau biyu bai sani ba. Zane dai, kamar yadda aka faɗa a tambayar iyakoki. Zobe tsakanin da'ira biyu masu cibiya ɗaya ya fi sauƙi: r daga ƙaramar zuwa babbar.

An ce e^(−x²) ba ta da intigiral, amma kuma an ce amsarta √π. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun. Ba a iya rubuta intigiral ɗinta tsakanin kowane a da b da fankshan ɗin da aka saba, amma a kan layi gaba ɗaya, daga ƙarshen hagu mara iyaka zuwa na dama, ana samun amsa, kuma ta hanyar hawa biyu ake samunta. Kira amsar I. Ninka I da kanta, ɗaya a rubuce da x, ɗaya da y. Abin da ya fito shi ne intigiral ɗin e^(−(x² + y²)) a kan fili duka. Koma fola: e^(−r²) r dr dθ. Wannan r da ɗalibai ke mantawa ita ce ta ceci aikin, domin intigiral ɗin r·e^(−r²) daga 0 zuwa mara iyaka 1/2 ne. Sau 2π, I² = π. Fankshan ɗin ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka dokar Tonelli ta halatta abin da muka yi. Daga nan √(2π) ɗin da ke cikin lanƙwasar ƙararrawa ta ilimin ƙididdiga ta fito. A ganina babu lissafin da ya kai wannan kyau a darasin baki ɗaya.

Mene ne Jakobiyan? Dole ne in haddace shi?

Jakobiyan shi ne adadin da fangali ke buɗewa ko tsukewa idan ka canza haruffa daga x, y zuwa u, v. Ditaminan ne na teburi mai layi biyu: x_u·y_v − x_v·y_u, inda x_u ke nufin yadda x ke canzawa in u kaɗai ta motsa. Ana ɗaukar girmansa ne, a yar da alamar ɗebewa in akwai. Sunan daga Carl Jacobi ne, Bajamushen da ya yi dogon rubutu a kai a 1841. Ka lissafa shi ga x = r cos θ, y = r sin θ, za ka samu r. Kenan fola misali ɗaya ne kawai na wannan doka.

Amfaninsa shi ne miƙar da karkataccen yanki. Murabba'i mai kusurwoyi (0, 0), (1, 1), (2, 0), (1, −1) yana tsaye ne a kan kusurwa, kuma da x da y sai an raba shi biyu. Sa u = x + y, v = x − y, kowanne ya tafi daga 0 zuwa 2. Jakobiyan 1/2 ne. Intigiral ɗin x + y ya zama rabin (2 sau 2), wato 2. Haka siffar ƙwai x²/a² + y²/b² ≤ 1: sa x = au, y = bv, ta koma da'ira mai r = 1, Jakobiyan ab, faɗi πab, a layi biyu. Tarkon da ke nan ɗaya ne: sau da yawa u da v ake ba ka a rubuce da x da y, in ka lissafa ditaminan ɗinsu kai tsaye za ka samu 2, wanda kifaffen abin da kake so ne. Sai ka kifar da shi.

Akwai dabarar rage aiki kafin a fara?

Dubi daidaiton ɓangarori. Idan hagun yankin da damansa hoton juna ne, kuma f tana canza alama in x ta canza alama, amsa sifili ce. Intigiral ɗin x³ cos y + 5 a kan da'ira mai r = 2: kashi na farko ya tafi, na biyu 5 sau 4π, 20π, ba a ɗora biro a kan intigiral ko ɗaya ba. Sharaɗi a kan yankin ne da fankshan tare, ɗaya bai isa ba.

A ina ake amfani da wannan a wajen aji?

Duk inda abu ya bazu a kan fili ba daidai ba. Faranti mai kaurin da ke canzawa: nauyinsa intigiral ɗin ρ ne (ρ shi ne nauyin kowane ma'aunin faɗi ɗaya a wurin), cibiyar nauyinsa kuma intigiral ɗin xρ da na yρ a raba da nauyin. Alwatika mai kusurwoyi (0, 0), (1, 0), (0, 1) in kaurinta ɗaya ne cibiyarta tana (1/3, 1/3). In ρ = x, wato tana ƙara nauyi zuwa dama, nauyi 1/6 ne, cibiya ta koma (1/2, 1/4). Injiniyan gini kuma yana lissafa intigiral ɗin y² a kan fuskar yankan bim, wato azarar da ke ɗaukar nauyin gini, inda ake auna y daga tsakiyar fuskar. Ga bim mai faɗi b da tsayi h amsar bh³/12 ce, shi ya sa katako ya fi juriya in an ɗora shi a kan gefensa a kan in an kwantar da shi: tsayin sau uku ake ninka shi da kansa.

A fagen yiwuwa, ga wanda ɗalibai ke jin daɗinsa. Abokai biyu sun yi alkawarin haɗuwa a tasha tsakanin ƙarfe 4 da 5, kowa zai iya zuwa a kowane lokaci cikin sa'ar, kuma wanda ya riga zuwa zai jira minti 15 ya tafi. Lokutan zuwansu x da y sun cika murabba'i mai gefe 60. Za su haɗu in tazarar x da y ba ta wuce 15 ba. Ɗebe alwatika biyu na gefe, kowacce mai ƙafa 45: 3600 − 2025 = 1575. Raba da 3600, 7/16. Ko rabi bai kai ba.

Wa ya fara wannan lissafi?

Ba mutum ɗaya ba ne. Tunanin yanka abu a tara ya girmi alamar ∫ nesa ba kusa ba. Bayan Arkimidis, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alkahira ya rasu wajen 1040, ya lissafa girman abin da ke fitowa in an juya farabola a kan gindinta, ya samu kashi 8 cikin 15 na gangar da ta rufe shi, kuma sai da ya gano yadda ake tara lambobin da aka ninka da kansu sau huɗu kafin ya kai ga haka. Bonaventura Cavalieri ya wallafa dokarsa ta yanka-yanka a 1635. Leonhard Euler ne ya yi rubutu musamman a kan intigiral mai hawa biyu da canjin haruffa a ƙarshen shekarun 1760, Lagrange ya kai abin hawa uku ba da daɗewa ba. Ma'anar fangali da muka fara da ita kuwa tsarin Bernhard Riemann ce ta 1854, da aka faɗaɗa zuwa fili.

Yaya zan tabbatar amsata daidai ce, kuma laifi ne in yi amfani da kwamfuta?

Hanya mafi ƙarfi ita ce ka sake yi da ɗaya jerin, in yana yiwuwa. Mai sauri kuma ita ce ka raba amsar da faɗin yankin, ka samu matsakaicin f, ka ga ko ya faɗa tsakanin ƙaramar ƙimarta da babbar. A misalin 1/24, faɗin yankin 1/6 ne, matsakaici 1/4, xy kuwa tana tsakanin 0 da 1. Ya shiga hankali. Da 3 ka samu, ka san akwai gyara.

Kwamfuta ba laifi ba ce wajen dubawa. Desmos da GeoGebra suna yi maka inuwar yanki a waya, WolframAlpha da SymPy suna fitar da amsa, MATLAB na da integral2. Sai dai iyakokin da ka ba ta da su za ta yi aiki, in ka ba ta na kuskure za ta lissafa maka kuskuren har lamba goma bayan ɗigo. Masu amfani da dblquad na SciPy su lura: fankshan ɗin y yake karɓa da farko sannan x. Mutane da yawa sun kwana suna neman kuskure saboda wannan.

Malam ya ce nan gaba za a mayar da hawa biyu ya zama zagaye a bakin yanki. Me ake nufi?

Dokar Green ce, daga George Green na Nottingham a Ingila, wanda ya wallafa aikinsa a 1828. Tana cewa wani intigiral a kan fili daidai yake da wani intigiral a kan layin da ya kewaye filin. Sakamakonta mafi kusa da rayuwa shi ne ana iya sanin faɗin fili ta bin iyakarsa kawai, ba sai an shiga ciki ba. A kan haka na'urar filanimita ta Jakob Amsler, ta 1854, take aiki: ka bi bakin taswira da allura, ta karanta maka faɗi. Lissafin da safiyo ke yi da kusurwoyin fili ma daga wannan tushe yake. Fili mai kusurwoyi (0, 0), (30, 0), (40, 20), (10, 25) a mita: ka bi su a jere, saɓanin tafiyar agogo, a kowane gefe ka lissafa x na farko sau y na biyu, ka ɗebe x na biyu sau y na farko. Za ka samu 0, 600, 800, 0. Jimla 1400, rabinta murabba'in mita 700. Ka gwada shi da kibiya a tsaye, za ka raba filin gida uku, a x = 10 da x = 30, kafin ka iso ga 700 ɗin nan.